Célestin Freinet: Malamin ƙauyen da ɗalibansa suka riƙa buga jaridarsu

An haifi Célestin Freinet ranar 15 ga Oktoban 1896 a Gars, wani ɗan ƙauye a kudu maso gabashin Faransa. Yana makarantar horon malamai a birnin Nice aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda a 1917 aka ji masa mummunan rauni a huhu.

Da ya kama aikin koyarwa a Bar-sur-Loup a 1920, raunin bai bar shi ya daɗe yana magana a gaban allo ba. Sai ya riƙa fita da yaran cikin gari da gonaki, suna kallon masu sana'a suna yi musu tambayoyi. In sun dawo aji, kowa ya rubuta abin da ya gani da kalmominsa.

Yaran su ke zaɓen rubutu guda, a sa shi a allo, a gyara shi tare. Ta haka darasin sanin gari da tarihinsa ya haɗu da na rubutu, aka rage dogaro da hadda.

A 1924 ya shigo da ƙaramar na'urar ɗab'i cikin aji. Ɗalibai suka riƙa jera haruffa da hannunsu suna buga jaridar makaranta. Daga baya suka fara musayar rubuce-rubuce da ajin wani malami, René Daniel, a yankin Bretagne da ke can yammacin ƙasar. Yaron da ya san wani zai karanta shi daga nesa, dole ya yi bayani filla-filla.

Wannan 'yanci ne ya jawo masa rigima bayan komawarsa Saint-Paul a 1928. Dama suna takun-saƙa da magajin garin kan lalacewar ginin makaranta, sai aka buga mafarkin wani ɗalibi wanda a ciki aka far wa magajin garin. Masu adawa da shi, waɗanda dama ba sa son aƙidarsa ta kwaminisanci, suka yi masa ca. A 1933 aka ɗauke shi daga makarantar.

Bai karaya ba. Shi da matarsa Élise suka buɗe makarantarsu a Vence a 1935. A 1940 hukumomi suka tsare shi, sai a 1941 aka sake shi. Bayan yaƙi, a 1947, ya kafa cibiyar malamai ta ICEM don yaɗa tsarinsa.

Ya rasu ranar 8 ga Oktoban 1966 a Vence. Makarantarsa tana nan tana aiki a hannun gwamnatin Faransa, kuma malamai a Turai, Afirka da Kudancin Amurka na bin hanyarsa har yau.