Carl Friedrich Gauss: Masanin Da Ya Gano Ɓatacciyar Tauraruwa

An haifi Carl Friedrich Gauss ran 30 ga watan Afrilu, 1777, a Braunschweig ta ƙasar Jamus. Iyayensa talakawa ne, amma da Sarkin ƙasar ya ji labarin hazaƙarsa sai ya ɗauki nauyin karatunsa, har ya shiga Jami'ar Göttingen a 1795.

Ran 1 ga watan Janairu, 1801, wani masanin taurari mai suna Giuseppe Piazzi ya hango wata ƙaramar tauraruwa daga Palermo ta ƙasar Italiya, aka raɗa mata suna Ceres. Ya bi sawunta kimanin kwana 40, sa'an nan hasken rana ya rufe ta. Masana suka rasa inda za su neme ta, domin awon da aka samu kaɗan ne, kuma ba ya rasa kuskure. Gauss, yana ɗan shekara 24, ya lissafa hanyar da take bi, aka kuwa same ta a ƙarshen shekarar kusa da inda ya nuna.

A littafinsa na 1809 ya bayyana dabarar daidaita awo da lissafi. Watau a duba tazarar da ke tsakanin kowane awo da abin da lissafi ya bayar, a ninka kowace tazara da kanta, a tara su. Lissafin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne abin riƙo. Sai dai Legendre, mutumin Faransa, ya riga shi buga wannan dabara a 1805. Da Gauss ya yi iƙirarin yana aiki da ita tun 1795, sai gardama ta tashi tsakaninsu.

A 1814 kuma ya fito da hanyar ƙiyasta faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi: a zaɓi wurare kaɗan bisa ƙa'ida, a auna tsayin layin a kowanne, a ba kowane awo nauyinsa, a tara. A yau, idan lissafin da ake son daidaitawa da awo ba ya samuwa sai ta irin wannan tarawa, dabarun biyu ake haɗa wa kwamfuta.

Gauss ya shugabanci ɗakin duban taurari na Göttingen daga 1807 har ya mutu ran 23 ga watan Fabrairu, 1855.