Labarin Dorugu, Yaron da Aka Kama a Dambanas

Ya mai-karatu, kai da ka shiga sabuwar hanya, ko kana bakin ƙofa tukuna kana auna abin da za ka bari a baya, ka saurari labarin wani Bahaushe wanda aka tumɓuke shi daga wuri zuwa wuri tun yana yaro.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajen shekara ta 1840 a Dambanas, wani ƙauye na ƙasar Damagaram. Sa'anda bai wuce shekara goma sha biyu ba, mayaƙa suka faɗa wa ƙasarsu, suka kama shi, aka raba shi da ubansa, aka kai shi Kukawa ta Barno cikin bauta. Ka lura, wannan canji ba shi ya zaɓa ba, ba kuwa wanda ya yi shawara da shi.

A Kukawa wani Bature na Jamus, Adolf Overweg, ya fanshe shi, ya 'yantar da shi. Amma ba a daɗe ba Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852, yaron ya sāke zama ba mai-riƙo. Sai abokin mamacin, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da suna Abdul Karim, ya ɗauke shi tare da wani saurayi Bamargi, Abbega. Suka bi ta Damagaram, da Katsina, da Sakkwato, har Tambutu a 1853. Suka komo ta Kano a 1854. Kana suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Ingila a 1855.

To, a nan ne halinsa ya bayyana. Yaro ne baƙo cikin ƙasar sanyi, ba dangi. Da ya zauna yana kuka bisa abin da ya ɓace, wa za ya ga laifinsa? Amma ya buɗe ido, ya duba al'adun mutanen, da irin cin abincinsu, da zamansu na gida, ya ajiye cikin zuciya. Ya koyi Turanci da karatu. A gidan wani mai-wa'azi, James Frederick Schön, aka yi masa baftisma, aka sa masa suna James Henry.

Abu ɗaya ne masu-kamun bayi ba su iya ƙwace masa ba, watau harshen uwarsa. Schön yana ta fama da koyon Hausa shekara da shekaru, ga shi kuwa an kawo masa Bahaushe har gida. Dorugu ya zauna yana faɗi, Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, da kalmomi, da labarin ransa tun daga ƙuruciyarsa. Da taimakonsa aka buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. A ganina ba ƙaramin abu ba ne, yaron da aka yi cinikinsa kamar akuya ya zama malamin malaminsa, gama labarin nan nasa yana cikin na fari da Bahaushe ya bayar na ransa aka buga.

Abbega ya riga shi komowa, daga baya har ya yi sarauta a Lakwaja. Dorugu kuwa sai a 1864 ya bar Ingila. Kada ka yi tsammani komowa gida hutawa ce: wanda ya tafi yana yaro ya komo da wata tufa da wani suna, baƙo ne kuma a wurin nasa. Ya yi aikin tafinta shekaru da yawa.

Da tsufa ya zo, ya sāke soma wani aiki. Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, Dorugu kuwa yana cikin masu-koyarwa, yana nuna wa yara rubutun Hausa da baƙaƙen boko. A nan ya rasu a 1912. Kadan ka taso daga Wudil ka shiga Kano, ka tambayi Gidan Ɗan Hausa, za a nuna maka. Yana nan tsaye da ginin ƙasa.