Tun Hussein Onn, Shugaba Mai Riƙon Amana

'Yan'uwa matasa, an haifi Tun Hussein Onn a Johor Bahru, ƙasar Maleshiya, a 1922. Ya yi soja, ya yi lauya, sannan ya zama Firayim Minista a Kuala Lumpur daga 1976 zuwa 1981. A zamaninsa kotu ta sami Harun Idris, babban ministan jihar Selangor kuma jagoran matasan jam'iyyarsu ta UMNO, da laifin cin hanci daga wani banki. Magoya bayansa suka yi ta matsa lamba a yafe masa, Hussein ya ƙi, har Harun ya shiga kurkuku a 1978. Hussein ya rasu a 1990, aka binne shi daura da Masallacin Ƙasa. Mulki amana ce da za a tambaya ranar Lahira. Allah Ya jiƙansa, amin.