Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, Mai Ganuwar Damagaram

Ƴan uwa matasa, duk wanda ya ratsa unguwar Birni ya ga ragowar tsohuwar ganuwa, to ya ga aikin Sarki Tanimu. Da yawanmu mun san sunan, amma ba mu san wahalar da ta yi mutumin ba.

Gidan sarautar Damagaram asalinsa na Barebari ne, daga Malam Yunus wanda ya kafa shi wajen 1731. Mahaifin Tanimu, Sarki Sulaiman, shi ya mai da Zinder mazaunin mulki. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Borno, ana kai gaisuwa wurin Shehu, kuma da hannun Shehu a naɗi da tuɓewa.

Tanimu ya tashi cikin dawaki da yaƙi, kuma gwagwarmayarsa ta fari da ɗan uwansa Ibrahim ya yi ta. Ya hau gado a 1841, bai wuce shekara 2 ba sarauta ta kuɓuce masa, Ibrahim ya dawo. Sai a 1851 ya sake samun ta. Shekarun nan na jira su ne makarantarsa. Ya gane cewa mai kwana kan tabarmar aro, ranar da mai ita ya so sai ya naɗe abarsa.

Da ya dawo, sai ya shiga gina ƙarfin kansa. Ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri. Ya tara bindigogi ta hannun fataken da ke keto Sahara daga Tarabulus, ya kafa rundunar ƴan bindiga kusa da mahaya dawaki. Abin da ya fi ba da mamaki, a nan cikin gari maƙera suka riƙa zuba igwa da tagulla, ana haɗa albarushi. Ai kun ga, ba komai ake jira daga waje ba. Da wannan ƙarfi ya faɗaɗa ƙasa, sarakunan kewaye irin na Mirya suka bi, biyayya ga Borno kuwa ta koma kusan ta baki. Ayarin Abzinawa ya cika Zango, kasuwa ta buɗe.

Amma fa mu faɗi gaskiya, domin Musulunci bai yarda da yabon ƙarya ba. Yaƙe-yaƙen nan sun raba mutane da gidajensu, an kama bayi an sayar, kuma dukiyar fada tana da kaso daga nan. Wannan ba abin koyi ba ne, hisabinsa yana wurin Allah.

Tanimu ya rasu a 1884. Ɗansa Amadu Kuran Daga ya gaji wannan zuciya, ya tari sojan Faransa a Tirmini a 1899, duk da ba a yi nasara ba. Su kansu Faransawa a Zinder suka ajiye babban birnin Nijar har 1926, don sun tarar da gari ginanne.

To mu fa? Yau ba a neman igwa a hannunmu. Ana neman likita, injiniya, malami da maƙeri masu tsoron Allah, waɗanda faɗuwa ɗaya ba ta sa su zubar da kaya. Allah Ya jiƙan magabata, Ya yafe kurakuransu, Ya sa mu fi su adalci. Amin.