Kentaro Haneda: Makaɗin fiyano da ya raya fina-finan zane da wasannin kwamfuta na Japan

A ranar 2 ga Yunin 2007 ne Kentaro Haneda ya rasu yana da shekara 58, bayan fama da ciwon dajin hanta. Kowane rukuni na mutanen Japan da fuskar da ya san shi da ita. Manya sun san shi da gabatar da shirin kiɗa na talabijin a safiyar kowace Lahadi, mutum mai fara'a da yawan barkwanci. Waɗanda suka taso a shekarun 1980 kuwa, kiɗansa ne ya raka ƙuruciyarsu, a fina-finan zane da ake kira anime da kuma wasannin kwamfuta, tun kafin da yawansu su san sunan mai shi. Dukkansu dai laƙabi ɗaya suke kiransa da shi: Haneken.

An haife shi a Tokyo ranar 12 ga Janairun 1949. Ya yi karatun fiyano a makarantar kiɗa ta Toho Gakuen, wadda ta yaye fitaccen jagoran makaɗa Seiji Ozawa. A 1970 ya zo na uku a ɓangaren fiyano na babbar gasar kiɗa ta ƙasar Japan. Matashin da ya kai wannan matsayi hanyarsa a shimfiɗe take: ya ƙara ilimi a Turai, ya dawo yana kaɗa ayyukan su Beethoven da Chopin a manyan zauruka, ko ya zama malami. Haneda ya nufi situdiyo, inda ake naɗar waƙoƙin zamani da kiɗan talla da na fina-finai.

A idon masu kiɗan gargajiyar Turai na wancan zamani, wannan saukowa ce daga daraja. Makaɗin situdiyo ɗan ƙwadago ne. Ana kiransa, a ajiye masa takardar kiɗan da bai taɓa gani ba, a ce ya kaɗa nan take, domin kowace sa'a kuɗi ce. In faifai ya fito, sunan mawaƙi da hotonsa ne a bango. Amma a nan Haneda ya samu abin da makaranta ba ta koyarwa. Ya san yadda ake haɗa goge da kakaki da ganga su ba da ma'ana cikin daƙiƙa talatin, ya saba da jazz da kiɗan rawa, ya kuma koyi gama aiki a ranar da aka ce, ko da ilhama ta zo ko ba ta zo ba.

A 1978 ya tsara kiɗan Takarajima, shirin zane na darakta Osamu Dezaki da aka gina a kan littafin Treasure Island na Robert Louis Stevenson. Yadda ake wannan aiki ya cancanci bayani. Mai tsara kiɗan shirin zane na talabijin ba ya yawan ganin hotunan kafin ya fara, domin masu zane ba su gama ba. Jeri ake ba shi: kiɗan fargaba, kiɗan bankwana, kiɗan artabu, kiɗan wayewar gari. Ya rubuta gutsattsari da dama, a naɗe su cikin 'yan kwanaki, sannan mai kula da sauti ya riƙa zaɓa yana liƙawa a kowane kashi har shirin ya ƙare. Dole kowane gutsure ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma dace da wuraren da marubucinsa bai taɓa gani ba.

Aikin da ya fi ɗaga sunansa shi ne Macross, wanda aka fara nunawa a watan Oktoban 1982, kashi 36, a ƙarƙashin darakta Noboru Ishiguro. Labarin yaƙi ne tsakanin 'yan Adam da wasu ƙatti daga sararin samaniya da ake kira Zentradi, waɗanda aka ƙirƙira domin yaƙi kaɗai, ba su san aure ba, ba su san waƙa ba. Makamai sun kasa cin galaba a kansu. Abin da ya rikita su shi ne muryar wata yarinya mawaƙiya mai suna Lynn Minmay, wadda Mari Iijima ta ara wa murya. Nauyin labarin gaba ɗaya ya koma wuyan mai tsara kiɗa ke nan. In waƙoƙin ba su ratsa mai kallo da ke zaune a falonsa ba, ta yaya zai yarda sun ratsa rundunar ƙatti? Haneda ya rubuta waƙoƙin soyayya masu sauƙin kamawa irin na 'yan mata mawaƙan talabijin na lokacin, waɗanda shi kansa ya shafe shekaru yana kaɗa wa irinsu fiyano, ya kuma rubuta kiɗan fagen fama mai nauyi da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Ba kowane mai tsara kiɗa ne zai iya ɗaukar kayan nan biyu a kai ɗaya ba. Wanda ya tsaya a zauren gargajiya zai raina na farko, ɗan kiɗan zamani kuma na biyun zai gagare shi.

Wani abin takaici ya biyo baya. Da kamfanin Harmony Gold na Amurka ya haɗa Macross da wasu shirye-shirye biyu ya fitar da Robotech a 1985, sai aka cire kiɗan asali aka sa wani. Ɗimbin yaran da suka san labarin ta wannan hanya a wajen Japan sun ga hotunan, sun ji wata Minmay tana waƙa, amma ba su ji aikin Haneda ba.

Shekarun nan cike suke da aiki. Ya yi kiɗan Space Cobra da Orguss, da Sherlock Hound wanda Hayao Miyazaki ya ba da umarnin wasu kashinsa. A 1983 ya tsara kiɗan Barefoot Gen, fim ɗin zane a kan bam ɗin nukiliyar da aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, daga labarin Keiji Nakazawa wanda ya tsira daga harin yana yaro. A shekarar ya yi aiki tare da Hiroshi Miyagawa a fim ɗin Final Yamato. A 1984 kuma ya ɗauki karin waƙoƙin Yamato ya gina cikakken simfoni, ƙungiyar makaɗa ta gidan rediyo da talabijin na NHK ta gabatar da shi, shi kansa yana kan fiyano. Kiɗan katun ya shiga zauren da aka ce ya juya wa baya, kuma shi ne ya shigo da shi.

Sai wasan kwamfuta, inda ƙuncin ya fi tsanani. Wizardry wasa ne da Andrew Greenberg da Robert Woodhead suka ƙirƙira a Amurka, ya fito a 1981 a kan kwamfutar Apple II. Mai wasa yana tura ayarin mayaƙa shida cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa, bango layuka ne kawai a allo, kuma in ɗan ayari ya mutu yana iya ɓacewa har abada. Na asalin ba shi da kiɗan da ke raka mai wasa. Da kamfanin ASCII ya kawo shi kan na'urar Famicom ta Nintendo a 1987, sai aka ba Haneda aikin cike wannan shiru. Na'urar muryoyi uku kacal take da su na rera amo, ban da ƙofa ɗaya ta hayaniya mai kama da ganga da wata ta gutsuren sauti. Mutumin da ya saba rubuta wa makaɗa gommai, yanzu an ba shi zare uku ya saƙa.

Ya koma ga salon baroque, wato na zamanin Johann Sebastian Bach, kuma zaɓin na gwani ne. Bach ya bar wa ɗaliban kiɗa darussa masu murya biyu da masu murya uku, inda kowace murya ke bin hanyarta amma su haɗu su ba da cikakken sauti, kuma da wuya ɗalibin fiyano ya gama karatu bai ratsa ta cikinsu ba. Abin da aka koya wa Haneda domin zauren sarakunan kiɗa shi ya dace da ƙaramar na'urar wasan yara. Kiɗan fadar sarki da na wurin ibada da na kurkuku suka ba wasan tsufa da kwarjinin da hotunansa ba za su iya bayarwa ba. Shekara guda kafin nan Koichi Sugiyama ya buɗe irin wannan ƙofa da Dragon Quest, amma nasa na fita yawon duniya ne cikin haske. Na Haneda ya fi duhu, kamar yadda wasan yake.

Daga 1990 kiɗan buɗe wasan kwaikwayon iyali na Wataru Seken wa Oni Bakari, wanda Sugako Hashida ta rubuta wa tashar TBS, ya shiga gidajen da ba ruwansu da katun ko wasan kwamfuta. Bai daina kaɗa fiyano a bainar jama'a ba, kuma an fi saninsa da Rhapsody in Blue na George Gershwin, aikin da shi ma yake tsakanin jazz da kiɗan gargajiyar Turai. A 2000 aka ba shi ragamar Daimei no Nai Ongakukai, shirin kiɗa na TV Asahi da ya samo asali tun 1964, wanda Toshiro Mayuzumi ya jagoranta har rasuwarsa a 1997. Haneda ya riƙe shirin shekara bakwai, yana bayyana wa talaka Mozart da wasa da dariya. Ko a wannan matsayi bai ƙi aikin yara ba: a 2003 shi ya tsara kiɗan Abaranger, shirin jaruman yara masu kaya kala-kala.

Yana kan kujerar shirin ajali ya riske shi. Wasan kwaikwayon Hashida ya ci gaba har 2011, da kashi na musamman bayan haka, kuma da kiɗan Haneda aka ci gaba da buɗe shi.