John Marshall: alƙalin da ya faɗaɗa ikon gwamnatin tarayyar Amurka da shari'ar jirgin ruwa

Kwanan baya ina koyar da 'yan ajina bambancin gwamnatin tarayya da gwamnatin dunƙule, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni wai idan jiha da tarayya suka saɓa, maganar wa ake ɗauka. Na ba ta amsa a gurguje saboda an kusa kaɗa ƙararrawa, amma amsar ba ta gamsar da ni ba. Da na koma gida sai na tuna da John Marshall, wanda na fara jin sunansa a kwalejin horon malamai. Kusan duk rayuwarsa a kan wannan tambaya ta ƙare.

An haife shi ranar 24 ga Satumba, 1755, a ƙauyen Virginia, lokacin ƙasar tana hannun Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma sha biyar. Zamansa a makaranta kaɗan ne, yawancin karatunsa a gida ya yi, darasin shari'a kuwa na 'yan makonni ya saurara a kwalejin William and Mary a 1780. A matsayina na malami wannan yakan ba ni dariya, yakan kuma ba ni kunya.

Makarantarsa ta gaske yaƙin neman 'yanci ce. Yana cikin sojojin George Washington da suka yi hunturun 1777 zuwa 1778 a Valley Forge, ga yunwa ga rashin sutura, saboda majalisar ƙasa ba ta da ikon tilasta wa jihohi su kawo kuɗi da abinci. Da aka gama yaƙin ma abin bai gyaru ba: wasu jihohi sun riƙa ɗora haraji a kan kayan maƙwabtansu. Duk wanda ya taɓa bin motar kaya ya ga yadda shinge bayan shinge ke cinye riba ya san wannan ciwo. Shi ya sa kundin tsarin mulkin 1787 ya ba majalisar tarayya ikon tsara ciniki tsakanin jihohi. Sai dai bai fayyace iyakar kalmar ciniki ba.

Shugaba John Adams ne ya naɗa Marshall alƙalin alƙalai a 1801, ya kuma yi shekara 34 a kujerar. An fi saninsa da hukuncin 1803 da ya tabbatar wa Kotun Ƙoli ikon soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki. Ni kam na 1824 ya fi ɗaukar hankalina.

Ga yadda aka yi. Jihar New York ta ba Robert Livingston da Robert Fulton izinin su kaɗai ne za su yi sufuri da jiragen ruwa masu aiki da tururi a ruwanta. Aaron Ogden, tsohon gwamnan New Jersey, ya sami lasisi ta hannunsu. Shi kuwa Thomas Gibbons, tsohon abokin kasuwancinsa, ya sa jiragensa a hanya ɗaya, daga New Jersey zuwa birnin New York, yana riƙe da lasisin tarayya na dokar 1793. Ogden ya kai ƙara, kotunan New York suka ba shi gaskiya. A lokacin har jihohin maƙwabta sun fara kafa dokokin ramuwa a kan jiragen New York.

Da maganar ta iso gaban Marshall, sai ya yanke cewa ciniki bai tsaya ga saye da sayarwa ba, ya haɗa da zirga-zirgar jirage da ɗaukar fasinja. Ikon tarayya kuma ba ya tsayawa a bakin iyakar jiha, yana bin cinikin har ciki. Inda dokar jiha ta ci karo da ta tarayya a wannan fage, ta jiha ce za ta kauce. Nan babakeren ya rushe, jirage suka yawaita, kuɗin shiga ya sauko. Matuƙin jirgin Gibbons, wani saurayi mai suna Cornelius Vanderbilt, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar.

Marshall fa ya bar wa jihohi cinikin da bai fita daga cikin jiha ba. Waɗanda suka zo bayansa ne suka ja igiyar da nisa. A 1942 Kotun Ƙoli ta amince a ci tarar Roscoe Filburn, manomi a Ohio, don ya noma alkama fiye da yadda tarayya ta ƙayyade masa, duk da cewa a gonarsa ya ce zai yi amfani da ita. Hujjar ita ce idan manoma da yawa suka yi haka, farashi zai motsa a ƙasa baki ɗaya. Gaskiya wannan ya yi mini yawa. To amma da wannan ikon ne dai a 1964 aka tilasta wa wani otal a Atlanta ya karɓi baƙaƙen fata, bayan jihohin kudu sun daɗe suna kare wariya. Mu da muka san zaman 'yan tsiraru ba za mu raina wannan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Marshall kansa mai bayi ne, ya saya ya sayar. Masu bayi a kudu ma sun tsorata da hukuncinsa, don suna ganin wata rana tarayya za ta taɓa cinikin bayi tsakanin jihohi. Shi dai bai taɓa kai ta can ba. Ya rasu a Philadelphia ranar 6 ga Yuli, 1835, kuma bawa ɗaya tak wasiyyarsa ta ba zaɓin 'yanci.