SHEHU USMANU ƊAN FODIYO DA DOKOKIN SARAKUNAN GOBIR

An haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a watan Disamba na shekarar 1754, ya tashi a Degel. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa. Ya yi karatu wurin 'yan'uwan iyayensa, irin su Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo, sa'an nan ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Yana da shekara 20 da haihuwa, watau wajen 1774, ya fara wa'azi.

A zamanin nan Gobir ce ke da ƙarfi. Sarki Babari ya riga ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alƙalawa cikin ƙasar Zamfarawa, su kuwa suna zaune ƙarƙashin mulkin da ba su so. Cikin waɗannan mutane ne Shehu ya shiga wajen shekarar 1786, tare da ƙanensa Abdullahi, ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa, ya zauna a Faru, wadda ke cikin ƙasar Maradun a yau. Ba a fada yake wa'azinsa ba, a fili yake yi, da Hausa da Fillanci, manoma da makiyaya suna sauraro. Har mata ya bari suna zuwa, abin da ya sa wani malami, Mustafa Goni, ya zarge shi da gwama maza da mata. Abdullahi ya mayar masa da amsa cikin waƙa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci shi ne mafi muni.

Da labarin taron da Shehu ke tarawa ya kai kunnen Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, sai ya kira malaman ƙasarsa zuwa Magami domin Babbar Salla, wajen shekarar 1788. Ya raba musu kyauta, aka ce rabon Shehu miskali 500 ne na zinariya. Shehu bai karɓa ba. Maimakon dukiya ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah cikin ƙasar, kada a hana duk mai son amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda da su duka. Cikin waɗanda aka ce sun fita ta wannan hanya har da Abarshi, basaraken Zamfara.

Amma fa izini ne daga bakin sarki guda, ba shari'a ce da ta ɗaure masu gadonsa ba. Bawa ya rasu ba da daɗewa ba, Yakuba ya gaje shi, bayansa Nafata ya hau. Kafin nan jama'ar Degel ta yi yawa, har ta fara zama kamar wata hukuma cikin hukuma. Nafata ya sa aka yi shela da dokoki uku: ban da Shehu shi kaɗai, ba malamin da zai ƙara yin wa'azi, wanda bai gaji Musulunci wurin ubansa ba ya koma kan abin da ya taras, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Akwai dabara cikin dokar farko. Sarki bai taɓa Shehu ba, don ya san abin da zai biyo baya, amma ya rufe bakin almajiransa, su ne kuwa ke kai karatun ƙauyuka. Doka ta biyu ma ba baƙuwa ce ga masu mulki ba: a Rasha ta zamanin sarakuna, har zuwa 1905, laifi ne mutum ya bar cocin da gwamnati ta tsaya wa, limaman Katolika kuma kan sha hukunci in sun karɓe shi.

A zamanin Yunfa, ɗan Nafata, abin ya wuce shela. Jama'ar Malam Abdussalami, waɗanda suka gudu zuwa Gimbana, an kai musu hari, aka kamo mutane. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. Yunfa ya aiko Shehu ya fita da iyalinsa ya bar sauran jama'a, Shehu ya ƙi rabuwa da su. A watan Fabrairu na 1804 suka yi hijira zuwa Gudu, inda aka yi masa mubaya'a. A watan Yuni suka yi nasara a Tafkin Kwatto, amma ƙarshen shekarar suka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum kusan 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani wajen 200.

Ga yunwa, ga rauni, sai jama'a ta nufi Zamfara, inda Shehu ya yi shuka shekarun baya. Sarakunan Mafara da Burmi, watau Bakura, da Danko suna tare da shi, aka sauka a Sabon Gari a 1805. Daga nan Abdullahi ya tafi ya ci Birnin Kebbi. Zaman bai yi daɗi har ƙarshe ba. Runduna mai jin yunwa ba ta tambayar mai rumbu, mayaƙa suka riƙa kwasar abincin talakawa, Zamfarawa da yawa da suka yi maraba da malamin suka juya wa rundunarsa baya. Cikin shekarar nan jama'a ta tashi zuwa Gwandu.

Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa. Shehu bai zauna gadon mulki ba. Ya koma Sifawa yana karantarwa yana rubutu, a 1812 ya danƙa yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Littattafansa sun haura 100, cikinsu da Ihya'us Sunna, da Nurul Albabi, da Bayanu Wujubil Hijira wanda ya gama a 1806. Ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu ran 20 ga Afrilu 1817, aka rufe shi a inda ake kira Hubbare. Allah ya jiƙansa.